Ƙuri'ar adashi ta faɗa wa mutum ɗaya sau uku a jere: sa'a ce ko karkata?

Tambayar ta zo ne daga wani dattijo mai sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, wanda shi ne uban adashin mutum 12. A farkon kowane zagaye sukan rubuta lambobi daga 1 zuwa 12 a ƙananan takardu, su naɗe, su zuba cikin hula, kowa ya sa hannu ya zaro ɗaya, wanda ya sami lamba 1 shi ne zai fara kwasa. Zagaye uku ke nan a jere lamba 1 tana faɗa wa mutum ɗaya, har gunaguni ya fara yawa a tsakanin 'yan zubi. Dattijon yana son sanin yadda ake bambanta ƙuri'a mai adalci da karkatacciya, kuma ya ce ɗansa da ke shirin jarrabawar WAEC ya shaida masa cewa ana koya musu irin wannan a darasin lissafi.

Alhaji, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ɗanka ya faɗi gaskiya, wannan batu yana cikin abin da muke koyarwa a babbar sakandare ƙarƙashin lissafin yiwuwa, kuma na ji daɗi da ka nemi a auna maganar kafin a yanke wa wani hukunci. Amsata a taƙaice ita ce, abin da ya faru bai kai hujjar da za a tuhumi mutum da ita ba, amma ya kai a zauna a binciki yadda kuke gudanar da ƙuri'ar. Adalcin ƙuri'a yana tattare ne da kayan da ake yin ta da su da kuma tsarin da ake bi, sakamakon 'yan lokuta kaɗan kuwa ba ya iya tabbatar da shi ko rushe shi. Ku 'yan kasuwa kun riga mu sanin wannan, domin idan aka yi shakkar mudu, mudun ake ɗagawa a duba gindinsa da bakinsa, a gwada shi da wani, ba a tsayawa kan awo guda.

A lissafin yiwuwa, ana cewa abu daidaitacce ne idan kowane sakamako ɗaya da zai iya fitowa daga gare shi yana da rabo daidai da na ɗan'uwansa. Kwandalar naira 1 da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2007, mai hoton Herbert Macaulay a gefe ɗaya da tambarin ƙasa a ɗaya gefen, tana da sakamako biyu, kowanne da rabon 1/2. Dayis ɗin ludo yana da fuska shida masu girma ɗaya, don haka kowace fuska tana da 1/6. Hularku tana ɗauke da takardu 12, saboda haka rabon kowane ɗan zubi na samun lamba 1 ya kamata ya zama 1/12. Da zarar wani sakamako ya fi wani rabo saboda siffar abin, ko nauyinsa, ko yadda ake sarrafa shi, to abin ya zama karkatacce. Marfin kwalbar lemo shi ma yana da sakamako biyu, ya faɗi a kife ko a buɗe, amma babu mai ikon cewa rabonsu rabi da rabi ne, tun da ɓangarorin biyu ba siffa ɗaya suke ba, kuma ba a sanin rabon kowanne sai an jefa shi da yawa an ƙirga. Haka wuri yake, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi. Ina so ka riƙe cewa karkata ba lallai ne ta zama maguɗi ba. Ko a haihuwa, ƙididdigar ƙasashen duniya tana nuna ana haifar maza kusan 105 a kan kowane mata 100, ba tare da hannun kowa a ciki ba.

Akwai wani kuskure da ɗalibai suka fi yi, manya ma suna yi, wato ɗaukar cewa duk inda aka ga wani abu ya fi wani yawan aukuwa to akwai karkata. Masu ludo da dayis biyu sun san jimillar 7 ta fi 12 yawan fitowa nesa ba kusa ba, alhali babu aibi a ko ɗaya daga cikin dayis ɗin. Dalili shi ne dayis biyu suna iya faɗuwa ta hanyoyi 36 masu rabo ɗaya, kuma shida daga cikinsu suna ba da 7, wato 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4, sannan a juya su, yayin da 12 ba ta da hanya sai guda, shida da shida. Rabon 7 ya zama 6/36, na 12 kuma 1/36. Kayan aikin daidaitattu ne, abubuwan da ake tambaya a kansu ne ba su da yawan hanyoyi ɗaya. Wannan ya shafe ku kai tsaye, domin a adashi akwai masu zuba hannu biyu. Idan mutumin da ake magana a kansa yana da hannu biyu cikin 12 kuma yana zaro takarda biyu, rabonsa 2/12 ne, ninkin na kowa, kuma hakan shi ne adalci tun da zubinsa ma ninki ne.

Yanzu mu auna abin da ya faru, bisa ɗaukar cewa kowa hannu ɗaya yake da shi. Da a ce tun kafin a fara an nuna mutumin an ce shi ne zai ci sau uku a jere, yiwuwar hakan a ƙuri'a mai adalci ita ce 1/12 sau 1/12 sau 1/12, wato 1 cikin 1,728. Wannan adadi ne masu gunaguni za su so su ji, amma ba shi ne ya dace da halin da kuke ciki ba idan babu wanda ya nuna shi tun farko. Ai da wani daban ne cikinku ya ci sau uku, da irin wannan gunagunin za a yi a kansa. Tambayar da ta dace ita ce, mece ce yiwuwar wani daga cikin mutum 12, ko wane ne, ya ci sau uku a jere? A zagayen farko dole wani ya ci, babu abin mamaki a nan. Abin da ya rage shi ne ya maimaita a na biyu da na uku, 1/12 sau 1/12, wato 1 cikin 144. Idan kuma adashin naku ya daɗe har kun yi zagaye 10, yiwuwar a sami irin wannan jeri a wani wuri cikin tarihinku ta kai kusan 1 cikin 20. Ka tuna yawan ƙungiyoyin adashi da ke Mile 12 kaɗai, ka haɗa da na Agege da Idi-Araba da Obalende, za ka ga cewa dole ne irin wannan ya riƙa faruwa a wasu daga cikinsu ko da kowa ya tsarkake zuciyarsa da hannunsa.

Lissafin yana sauyawa idan akwai dalilin shakka da ya riga sakamakon zuwa. Idan mutumin shi ne mai rubuta lambobin da naɗe takardun, ko shi ne kullum yake fara sa hannu, to an riga an ware shi daga sauran kafin a zaro komai, kuma 1 cikin 1,728 ya fi kusa da ma'aunin da ya dace. Ko a wannan hali, adadin yana nuna a binciki tsarin ne, ba ya nuna niyyar mutum, kuma mutanenmu sun ce zato zunubi ne.

Hanyoyi biyu ake bi wajen gano karkata, duba kayan aiki da tsarin, sannan gwaji mai yawa da ƙirge. Na fi ba ta farko muhimmanci a lamarinku saboda ita ce mai sauƙi, kuma galibi a nan ake samun matsalar. Ka ɗauki takardun nan 12 ka shimfiɗa su a kan tebur bayan an naɗe. Takardar da aka yago da hannu daga littafin rubutu ba ta fitowa da girma ɗaya, wata ta gefen shafi ce mai santsin baki, wata ta tsakiya ce mai kaushin baki, kuma yatsu suna jin wannan bambanci ko ido bai gani ba. Mai naɗewa yakan matse ta farko da kyau, ya zo kan na ƙarshe ya gaji ya naɗe su sako-sako. Tawadar biro tana ratsa siririyar takarda, kuma lamba 1 layi guda ce, ta sha bamban da 8 ko 12 ga wanda ya hango bayan takardar. Sai ita kanta hular, wadda ba ta da zurfi, ga yadi mai riƙe takarda, ta yadda girgiza biyu ko uku ba ta sauya wurin da kowace takarda ta kwanta. Idan ana zubawa bi da bi daga 12 zuwa 1, lamba 1 za ta zauna a sama tana jiran hannun farko, idan kuma daga 1 ake farawa za ta lafe a ƙasa ta jira mai tona gindin hula ko hannun ƙarshe. Mutumin da ya saba da wata ɗabi'a ta ɗauka, kamar luma hannu ƙasa ta gefen dama, zai iya cin moriyar wannan karkata shekara da shekaru bai sani ba.

Kada ka ɗauka wannan matsala ta ƙananan ƙungiyoyi ce kawai. A ranar 1 ga Disamba 1969 gwamnatin Amurka ta yi ƙuri'a don tsara waɗanda za a fara kira aikin soja lokacin yaƙin Biyetnam. An rubuta ranakun shekara 366, an sa kowace a cikin ɗan ƙaramin ƙoƙo, aka riƙa zuba su wata bayan wata daga Janairu zuwa Disamba, sannan aka zaro su a bainar jama'a. Da masana ƙididdiga suka duba sakamakon, sai suka ga waɗanda aka haifa a watannin ƙarshen shekara sun fi samun ƙananan lambobi, wato su ne a gaba wajen kira, saboda ba a gauraya ƙoƙunan yadda ya kamata ba, na ƙarshen zubawa suka fi zama kusa da hannu. A shekarar da ta biyo baya sai aka sauya tsarin, aka yi amfani da ganguna biyu masu juyawa, ɗaya ta ranaku ɗaya ta lambobi.

Wani abin da ake yawan jayayya a kansa shi ne wanda zai fara sa hannu. Idan an gauraya da kyau kuma takardun ba su da bambanci, jerin ɗauka ba ya ƙara wa kowa komai. Na farko yana da 1/12. Na biyu zai ci ne kawai idan na farko ya kuskure, wato 11/12, sannan shi ya dace cikin takardu 11 da suka rage, wato 1/11, kuma idan aka ninka su biyun sai a dawo kan 1/12. Haka lissafin yake tafiya har kan na ƙarshe, wanda ba ya zaɓar komai sai abin da aka bar masa, shi ma rabonsa 1/12 ne. Saboda haka idan aka lura cewa hannun farko ko na ƙarshe ya fi ci a tsawon lokaci, wannan alama ce ta rashin gauraya.

Hanya ta biyu, gwaji da ƙirge, tana buƙatar haƙuri, domin ƙaramin adadi yana ruɗin mutum. Idan aka jefa kwandala mai kyau sau 10, yiwuwar a sami biyar da biyar cif ba ta wuce kusan 1 cikin 4 ba, yiwuwar gefe ɗaya ya fito sau 7 ko fiye kuwa ta kai kusan 1 cikin 3. Wanda ya ga bakwai da uku ya ce kwandalar karkatacciya ce ya yi gaggawa. Amma idan aka jefa sau 100 gefen hoto ya fito sau 70 ko fiye, wannan abu ne da kwandala mai kyau ba za ta yi ba sai kusan sau 4 cikin 100,000, duk da cewa kason bai sauya ba, bakwai cikin goma ne a duka biyun. Yawan gwajin ne ya ba na biyun nauyi. Masanin lissafi Jacob Bernoulli ne ya tabbatar da ƙa'idar da ke bayan wannan a aikinsa da aka buga a 1713, cewa gwargwadon yawan gwaji, gwargwadon yadda kason da ake gani yake matsowa kusa da ainihin rabon abin.

Akwai ma'auni mai sauƙi da nake ba ɗalibai game da kwandala. A nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin jifan, ita ce iyakar tazarar da ake sa ran gani daga rabi a kusan kashi 95 cikin 100 na lokuta. A jifa 100 lambar 10 ce, don haka daga 40 zuwa 60 babu abin zargi. A jifa 400 lambar 20 ce, daga 180 zuwa 220. A jifa 10,000 lambar 100 ce, daga 4,900 zuwa 5,100. John Kerrich, malamin lissafi daga Afirka ta Kudu da aka tsare a Denmak lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya jefa kwandala sau 10,000 a inda yake tsare, gefe ɗaya ya fito sau 5,067, kuma wannan yana cikin iyakar da aka faɗa. Ka lura cewa rarar 67 a jifa 10,000 ba komai ba ce, alhali rarar 20 a jifa 100 babbar hujja ce.

Ƙaramar karkata kuwa ba ta bayyana sai an yi gwaji mai ɗimbin yawa. A 1894 wani masani a Ingila, Walter Weldon, ya jefa dayis 12 tare har sau 26,306, wato faɗuwar dayis 315,672, yana ƙirga sau nawa 5 ko 6 suka fito. Da dayis ɗin daidaitattu ne, da an sa ran kashi ɗaya cikin uku, wato 105,224, amma ya sami 106,602. Rarar 1,378 kamar ba ta taka kara ta karya ba a cikin wannan tarin, sai dai masanin ƙididdiga Karl Pearson ya nuna a 1900 cewa ta fi ƙarfin sa'a. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, a dayis masu araha ana ƙwaƙule ɗigon lambobin ne, don haka fuskokin 5 da 6 sun fi rasa nauyi, fuskokin da ke bayansu, 2 da 1, suka fi nauyi suka riƙa kwanciya ƙasa. Kwandala ma ba ta tsira ba. A 2007 Persi Diaconis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka yi lissafin cewa kwandalar da aka cilla da babban yatsa aka cafe tana ɗan fifita gefen da ke sama lokacin cillawa, da kusan kashi 51 cikin 100, kuma a 2023 wani gwaji na jifa 350,757 ya sami kashi 50.8. A nan aibin yana cikin yadda hannu yake cillawa, ƙarfen lafiyarsa ƙalau, kuma maganinsa shi ne kada mai zaɓen gefe ya ga yadda aka ɗora kwandalar a kan yatsa.

Ga gwajin da nake ba ku shawara. Ku zauna wata rana bayan an tashi kasuwa, ku maimaita ƙuri'ar yadda kuka saba ba tare da gyara komai ba, mai naɗewa ya naɗe, a zuba a hular nan, a girgiza kamar kullum, mutumin ya sa hannu a matsayin da ya saba, a rubuta ko lamba 1 ya zaro ko a'a, sannan a sake daga farko. Ku yi sau 120, ko da za a raba shi kwana biyu ko uku. A tsari mai adalci ana sa ran ya dace kusan sau 10, kuma duk abin da ya faɗa tsakanin 4 da 16 abu ne da sa'a takan kawo. Idan ya kai 20 ko ya wuce, tsarinku karkatacce ne kusan babu shakka, domin tsari mai adalci ba zai ba da haka ba ko sau 1 cikin 200. Sharaɗi guda shi ne ku faɗi abin da kuke gwadawa tun kafin a fara. Idan kuka ƙirga wa dukan mutum 12 sannan kuka tsinci wanda ya fi yawa kuka ɗora masa ido, kun sake faɗawa cikin kuskuren da ya haifar da gunagunin farko. Kuma ku sani cewa gwajin tsarin yake aunawa, wanda yake yin wata dabara da gangan yana iya barinta ranar gwaji.

Game da ɗanka, tambayoyin jarrabawa a wannan babi iri biyu ne galibi. Ko a ba shi jadawalin sakamako a ce ya faɗi ko dayis daidaitacce ne, sai ya raba jimillar jifa gida shida ya kwatanta da abin da aka samu, yana lura da yawan jifan. A jifa 60 ana sa ran 10 ga kowace fuska, kuma ganin 7 ko 13 ba hujja ba ce, amma a jifa 600 ana sa ran 100, kuma fuskar da ta fito sau 150 ta tona asirin dayis ɗin. Ko kuma a faɗa masa irin karkatar a ce ya nemo rabon, misali dayis wanda 6 take da ninki biyu na rabon kowace fuska. A nan sai ya ba fuskoki biyar kaso ɗaya-ɗaya, ya ba 6 kaso biyu, jimilla kaso 7, don haka rabon 6 shi ne 2/7, na kowace sauran kuma 1/7. Abin da zai riƙe shi ne jimillar rabon dukan sakamako dole ta zama 1, ko abin daidaitacce ne ko karkatacce, kuma ƙa'idar raba hanyoyin da ake so da jimillar hanyoyi ba ta aiki sai a kan daidaitacce.

Ko me gwajin ya nuna, Alhaji, ina roƙonka ka gyara tsarin kafin zagaye mai zuwa, domin ƙuri'a hanya ce mai daraja ta raba gardama tsakanin masu haƙƙi ɗaya. Alƙur'ani ya ambace ta a ƙissar renon Nana Maryam da ta Annabi Yunus, kuma ta tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ta tsakanin iyalansa idan zai yi tafiya. Ku sami kwalayen ashana 12 marasa komai a ciki, iri ɗaya sak, a yanka kati da almakashi daidai wa daida, a sa lamba ɗaya cikin kowane kwali a rufe. A zuba su a bokiti mai marfi ko buhu mai zurfi wanda za a iya juyawa sama da ƙasa sau da yawa. Wanda ya rubuta lambobin kada ya zama mai girgizawa, mai girgizawa kada ya zama mai zarowa, kuma ya fi kyau a kira wani da ba ya cikin adashin ya riƙa zaro wa kowa yayin da ake kiran sunaye. Kada a buɗe ko ɗaya sai an gama rabawa.

Za a sami wanda zai ce a cire mutumin daga ƙuri'a ta huɗu saboda ya ci rabonsa, wani kuma ya ce ai ba zai yiwu ya sake ci ba. Maganar ta biyu kuskure ce, domin a tsari mai adalci rabonsa a zagaye na huɗu yana nan 1/12 kamar na kowa, kwalayen ba su san abin da ya faru a baya ba. Ta farko kuwa shawara ce da ƙungiya take da ikon yankewa, cewa wanda ya fara kwasa a wannan zagaye ba zai shiga neman lamba 1 a na gaba ba, sai rabon sauran ya koma 1/11. Idan kun ga hakan ya fi muku zaman lafiya, ku amince da shi gaba ɗaya, ku rubuta shi a littafin adashin a matsayin doka da ta hau kan kowa, kuma a yi hakan kafin a zuba kwalayen a bokiti.